Soja ya zaɓar mini zum

Jama'a, yau soja ne ya zaɓar mini zum, gilashin kamara mai jawo nesa!

Mai butiki, wato kantin kamara, ya ba ni dogo da gajere in gwada. Na gangara bakin kogin Isa neman zalɓe. Ruwa ya janye, na gaji liƙis ban ga ko ɗaya ba. Ina ɗaura dogon, sai wani soja ya daka mini tsawa: "Kai! Bindiga ce?"

Na ce, "Shef, na hoton tsuntsaye ne."

Ya fizge ya leƙa. Can tsallake ungulaye sun rufe mushen shanu. Ya daɗe bai sauke ba.

Ya miƙo mini ya ce, "Haka namu shanun suka ƙare a Tawa lokacin fari. Sayi gajeren, malam. Wannan ya cika gani."