Sunan da Ke Bakin Kaka

Ranar da aka ɗaura mini aure a Jega, maroƙi ya kunyata ni ba da niyya ba. Ya ɗaga murya ya kira ni ɗan wane, ya ambaci mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da ya zo kan kakana sai ya yi tari, ya waiga ko wani zai raɗa masa, babu wanda ya motsa. Sai ya ce, "jikan mutanen kirki," ya tsallaka kan dangin amarya, ya jero su har kaka na bakwai bai haɗiye yawu ba. Mutane suka ɗan yi dariya. Ni ban yi ba. Allah ya yi ni da saurin fushi, kuma abin da ya sosa ni ba ya saurin sakina.

To me maroƙi zai ce? Ni kaina ban san sunan kakana na wajen uba ba. Baƙo ne, malami mai yawon karatu. Ya sauka Giwa Tazo ta wajen Maiyama, aka aura masa kakata, ya rasu mahaifina yana rarrafe. Ƙanin kakata ya ɗauko yaron ya riƙe shi a Jega, nan ya girma, nan ya yi aure. Shi ma bai daɗe ba, ina shekara tara ya rasu, kuma ɗan shekara tara tuwo yake tambaya, ba asali ba. Da aka sa ni makaranta sunan gari aka liƙa mini a baya, kamar yadda ake yi wa kowa a ƙasarmu, don haka ko takarda ba ta taɓa neman sunan kakana ba.

Da Sallah nake jin abin. Gidajen abokaina su cika da baffanni da gwaggwanni, ana rabon nama ana faɗa a kan wa ya fi samun tsoka. Gidanmu daga ni sai Inna, sai mu ci mu sha mu zauna muna jin hayaniyar maƙwabta ta kan katanga. Dangin uwa suna da kirki, ban raina ba. Amma in aka ce dangin uba su matso, ni kaɗai nake matsowa, kuma abin yana yi mini ciwo.

Lokacin ina koyarwa a firamare, shekarun da ko takardar canjin makaranta sai an kai ta Sakkwato. Bazara ta biyu da aurena, ranar wata Talata, aka aiko daga gidan surukaina cewa maiɗakina ta sauka, an sami namiji. Suna Talata mai zuwa. A al'ada uba ba ya zaɓa wa ɗan fari suna, manyansa ne ke yi, shi ko ya ɓuya don kunya. Surukina ya aiko cikin mutunci cewa suna jiran dangin uba su kawo suna. Na zauna bakin gado na yi dariyar takaici. Nan na ƙudura cewa yaron nan sunan kakana zai ci, ko a ƙarƙashin ƙasa yake sai na tono shi.

Ba wai ban san inda sunan yake ba. Yana Giwa Tazo, a bakin kakata, tana nan da ranta. Sai dai mace ba ta faɗin sunan mijinta na fari, ko ya mutu, ko ta yi aure goma a bayansa. Na sha zolayarta a kan haka tun ina yaro, amsarta ɗaya ce, ta ɗaga muciya. Don haka na ce bari in bi ta wata hanya tukuna.

Inna na fara tambaya. Ta dube ni kamar na ce ta hau bishiya.

"Ni da ko na uban naka ban taɓa hwaɗi ba? Kuma wallahi ban taɓa jin nashi ba. Malam aka ce mai, shi ke nan."

Amma ta jawo mini akwatin ƙarfen mahaifina daga ƙarƙashin gado. Akwai tsohuwar hula, da carbi, da wata takarda guda naɗe cikin fata, wadda ta ce ita kaɗai ya gada daga ubansa. Addu'a ce, an rubuta da tawadar gida, hannu mai kyau, baƙaƙen a tsaye cas. Na san masu rubutu kan sa sunansu a ƙarshe. Na bi layi layi da yatsa har ƙasa. Abin da ya rubuta shi ne, bawan Allah mai yawan zunubi, mai fatan gafara. Iyakarta ke nan. Na ce wa Inna, to, ashe shi ma kunyar sunan nasa yake ji. Ta ce in ji tsoron Allah. Sannan ta tuna cewa mahaifina kan ziyarci wani gidan malamai a Kashin Zama ta wajen Aliero, wai can kakana ya fara zama kafin ya gangara Giwa Tazo.

Ranar Juma'a bayan an sauko na ari babur ɗin hedimasta na nufi Aliero. An gama cirar albasa, ko'ina ta hanya an shanya ta, warinta har cikin ido. A Kashin Zama aka nuna mini gidan. Tsohon malamin ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne a zauren, shi ma gemu ya yi fari. Ya saurare ni da kyau, ya sa aka kawo mini fura.

"Mun ji labarinai," ya ce. "Baƙon Malam aka ce mai. Tsohona ya sanai ƙwarai. Kuma tsoho ba ya barin komi, haihuwa, mutuwa, wanda yaz zo karatu, duk shina rubutawa."

Na aje ƙoƙon furar. Na ce ina takardun?

"Ai gara ta shige su, bara waccan. Abin da yar rage duk ya ɓarɓashe. Da yake akwai sunan Allah ciki, munka haƙa rami munka bizne, kada a taka."

Har ya taso ya nuna mini wurin, bayan gida, inda suka kafa rumfar ajiyar albasa. Na tsaya ina kallon ƙasar. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, ga shi babu wanda zan huce a kansa. Abin da ya dace suka yi. Ni ma da na tsinci takarda mai sunan Allah ta lalace, haka zan yi mata. Na yi godiya, na hau babur, na yi ta zagin gara har Jega.

Saura kwana uku. Asabar da safe na sayi goro na kama hanyar Maiyama.

Kakata tana zaune a gidan ɗan ƙaninta, a wani ɗaki na can ƙurya. Idonta ya yi rauni, amma hannu bai manta kaɗi ba. Na same ta a inuwar ɗaki, ga auduga, ga mazari yana juyawa a kan 'yar fata. Tun daga sallamata ta gane ni.

"Wa nika ji? Mijin banzan nan nau, da ba shi zuwa sai ya ƙare yawo?"

"Ga goro, tsohuwa, in akwai haƙoran."

"Akwai magogi, marar kunya."

Ta riga ta ji labarin haihuwa. Ba ta tambayi lafiyar yaron kai tsaye ba, sai ta ce yaya baƙon. Na ce baƙo yana nan, amma ba shi da suna, kuma sunan yana wurinta. Ta gane nan take. Mazarin bai tsaya ba.

Duk abin da na tambaya ban da wannan, ta ba ni. Daga gabas ya zo, ba ta san garin ba, bai faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Dogo ne, yana da wushirya. Ba ya cin ɗanyar albasa saboda masallaci, a garin da ko jariri warinta yake. Yana da jaki mai cizo. Damina biyu suka yi, zazzaɓi ya ɗauke shi ana tsakiyar noma. Na ce na ji duk wannan, sunan fa? Ta ce in sa wa yaron na liman. Na ce ba na so. Ta ce to in sa na surukina. Na lallaɓa, na roƙa, na haɗa ta da Allah. Ta ce rana ta yi, ko a dama mini fura?

Nan halina ya motsa. Na miƙe tsaye a kan tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, na ce mata, "Kunyar mi? Mutumin da ya zama ƙasa sama da shekara hamsin? Aure biyu kinka yi bayanai. Ni ba ni da baffa, ba ni da gwaggo, ba ni da kowa, sunan nan kaɗai nika nema. In kinka mutu da shi a baki, ke kinka bizne shi na biyu."

Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni. Na kaɗe riga na nufi ƙofar gida. Da na kai sai na tsaya, don ban san inda za ni ba. Babu sauran wanda zan tambaya a duniya.

Sai na ji tana dariya ƙasa ƙasa.

"Haka shika yi," ta ce. "Shi tashi shi kaɗe riga, shi tsaya bakin ƙohwa, shi rasa inda za shi. Dawo ka zamna."

Na dawo na zauna. Ban taɓa sanin na gaji wani abu daga wurinsa ba sai ranar.

Ta ci gaba da jan zare tana magana, kuma ba ni take kallo ba.

"Da yar rasu, littattahwai malamai sunka raba. Jaki anka kai kasuwa. Ɗan anka kai Jega. Shi ma ɗan hwari ne, ban taɓa kiran sunanai ba, ban taɓa ɗaukatai gaban mutane ba, har Allah ya amshi abinai. Kai kana cewa ba ka da kowa. Ni wanga suna ɗaya yar rage min, ban ba kowa ba."

Kaji suna tono a gindin rumbu. Na riga na haƙura a raina, ina tunanin abin da zan ce wa surukina. Sai ta gyara zama ta ce, "Bakina ba shi hwaɗi. Amma kunne bai mutu ba."

Na ɗan jima kafin in gane. Sai na matso kusa, na fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ina barin numfashi a tsakani. Na fara da na Annabawa. Mazari yana juyawa. Na koma na Sahabbai, yana juyawa. Na kira na malamai, na kira na maƙwabta. Da suka fara ƙare mini sai na ɗauko rajistar ajina a ka, ina bi daga sama. Wajen tsakiya na kira wani suna, ba ma baƙon suna ba ne, kullum da safe yara biyu ke amsa mini shi.

Zaren ya tsinke. Mazarin ya gangara ya tsaya jikin ƙafata. Kakata ta kai hannu ta jawo gefen zanenta ta rufe fuska ruf, ta juyar da kai wajen bango kamar amarya ranar kai ta. Kafaɗunta suna motsi. Ban sani ba ko dariya take ko kuka, ban kuma tambaya ba. Na ɗauki mazarin na aje mata a kan fatar, na zauna kusa da ita har aka kira azahar.

Ranar Talata da safe na rubuta sunan a 'yar takarda na ba abokina ya miƙa wa liman. Ni ina cikin ɗaki a ɓoye, kamar yadda uban ɗan fari ke yi. Daga can na jiyo maroƙin nan dai yana shela, ya faɗi sunan har sau uku, ya ce ya ci sunan kakan ubansa. Wannan karon bai yi tari ba.

Bayan arba'in muka kai mata yaron. Ta shafa fuskarsa da yatsu, ta ce, "Maigida, ka dawo?" Daga ranar kowa ya kama Maigida. Inna ba za ta kira sunan surukinta ba. A wurin maiɗakina kuma ɗan fari ne. Ni kuwa abin ya haɗe mini biyu, ga ɗan fari, ga sunan kaka. Kakata ta rasu da daminar da ta biyo. Garin da kakana ya fito dai har yau ban sani ba, gabas ce kawai.

Shekaru suka tafi, yaron ya shiga makarantarmu, har ya iso aji huɗu, ajin da nake riƙe. Ranar farko na buɗe rajista na fara kiran suna, yara suna amsawa. Na gangaro har na zo kan nasa, ga shi da hannuna na rubuta. Na buɗe baki, ya ƙi fita. Tun wannan Asabar ɗin a Giwa Tazo ban sake faɗinsa da nufin mai shi ba. Yara suna jira. Na ɗaga kai, shi kuma ya ɗaga hannu daga benci na uku, ya yi murmushi, wushiryarsa a waje. Na sa masa alama na kira na gaba. Haka muka yi har shekara ta ƙare.