Yadda Kaka Dije ta ɗaure wa Salwa ciki

Masu zuwa Madina lokacin zafi ba sa yarda idan aka ce musu garin nan yana da sanyi. To yana da shi, kuma irin mai bin ƙashi ne. A gidanmu na Harra ta Gabas, mai bangon baƙin dutse, da an idar da sallar isha'i sai Kaka Dije ta sa a hura gawayi a tsakar gida. Sai ya yi jawur, hayaƙin ya fita, sannan a shigo mata da kaskon ɗaki. Ta ɗora butar shayi a gefen garwashi, ta jefa ganyen habak, wani irin na'ana'a, a ciki, mu kuma jikoki mu kewaye ta, kowa ya ja bargo har haɓa. Akwai talabijin a gidan maƙwabta a lokacin, amma walla ba mu cika zuwa ba. Kaka ta fi shi labari, kuma ita ana iya tare ta da tambaya.

Mahaifiyar babanmu ce. Da ƙafa ta zo ƙasar nan tana da ƙuruciyarta, ita da mijinta, ta hanyar Sudan. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ta kama wankau a gidajen mutanen gari da ke kusa da Harami, da shi ta raini 'ya'yanta. Wani zai ɓoye irin wannan sana'a, ita kuwa da ita take tinƙaho.

"Ku kuna ganin mata a titi, baƙi kan baƙi, duk iri ɗaya," in ji ta. "Ni kuwa na san abin da ke ciki. Babu ƙabilar da ban shanya kayan cikinta a igiya ba."

Idan maza sun tashi, saura mu mata, sai ta shiga lissafo mana. Sidiriyyar matan Madina, 'yar rigar nan mai kama ƙirji, wadda maɓallanta na azurfa ne jere a sarƙa, sai an zare su kafin a jiƙa ta. Dogon wandonsu na ciki, mai mazagi da aka yi wa aikin zare a bakinsa, furanni ƙanana kamar ƙwayar gero, alhali ba mai ganinsu sai mai shi da mai wanki. Da wata tsohuwar Baturkiya da ta yi wa aiki, mai wata rigar ciki da aka jera wa ƙashin kifi a tsaye, ana zarge ta da igiya ta baya, sai mutum biyu sun ja. Kaka ba ta taɓa raina ko ɗaya ba. Tana kwatanta ɗinkin da yatsunta a iska tana girgiza kai, sannan ta ce, "Mu ma da namu. Fatarin da uwata ta saƙa mini, har muka ƙetare ruwa bai yage ba. Jigidata kuwa, in na juya sai an ji." Mu fashe da dariya, Umma, mahaifiyarmu, ta leƙo ta ce, "Haba Kaka, gaban yara?" Ta ce, "To su ba mata za su zama ba?"

Ina wajen shekara goma matar Yaya Sani, babban wanmu, ta haifi ɗanta na fari. Salwa sunanta. Haihuwar Jidda ce, iyayenta Hausawan Sudan, kuma mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Tana jin Hausa sarai, amma in aka yi mata sai ta amsa da Larabci, a hankali, kai a sunkuye.

A unguwarmu kuwa duk wadda ta haihu, Kaka ce mai ɗaure mata ciki. Bayan wankan jego da safe mai jego za ta kwanta, Kaka ta shafa mata mai, ta ɗauko dogon farin ƙyalle ta yi ta naɗawa tun daga ƙugu har ƙasan ƙirji, don ciki ya koma, baya ya sami abin jingina. Har daga unguwar Al-Sih ake turo mota a ɗauke ta. Saboda haka tun kafin a sallamo Salwa daga asibiti Kaka ta wanke sabon ƙyalle, ta turara shi, ta ninke. Da ta kai mata, sai Salwa ta ce, "La, shukran ya Sitti, indi mishadd." Wato ta gode, tana da mishaddi, ɗamarar nan ta kanti mai ƙarafa da maƙalai. Wata ƙawarta ce ta sayo mata a kasuwa, kuma da awon jikinta na kafin ciki. Wanka ma ita kaɗai take shiga, ta sa sakata.

Ba a daɗe ba muka fara ganin abin. Kunun kanwa sai ta kurɓi kaɗan ta ture. In ta zauna, zaman sanda take yi, numfashi sama-sama. Jaririn ya kama nono ya saki ya tsandara kuka, don babu abin kirki a ciki. Har Umma ta fara zancen a sayo madarar gwangwani. Wata rana Salwa ta miƙe za ta fita, jiri ya ɗebe ta, da ƙyar ta kama ƙofa. Umma ta ce yau sai ta yi mata faɗa. Kaka ta riƙe hannunta.

"Bar ta. Ba taurin kai ba ne, kunya ce. Yarinyar nan ba ta san hannun uwa a jikinta ba, kike so ta buɗe ciki gaban dangin miji? In kika yi mata tsawa, ƙara matsewa za ta yi."

Ran nan na ga Kaka a wajen shanya riƙe da mishaddin, an wanke shi. Na zaci tsaki za ta yi. Sai na ga tana bin ɗinkin da farce tana cewa, "Kai, wanda ya yi wannan ya iya aiki. Dubi layi kamar an ja da zare." Ta gwada faɗinsa da tafin hannu, ta mayar a igiya yadda ta same shi.

Da dare ya yi, aka shigo da kasko, sai Kaka ta ce da ni, "Hajara, je ki ce wa amarya ɗakinta da sanyi, ta kawo mini angona ya sha ɗumi." Salwa ba ta iya ƙin wannan ba. Ta zo ta zauna can bakin ƙofa da yaron a cinya. Kaka ba ta ko kalle ta ba. Ta gyara garwashi ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Muka ce, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa."

Wai a zamanin da, zanzaro mace ce cikakkiya, mai ƙugu kamar na kowa. Ƙwari kuwa a lokacin gari ɗaya suke zaune, kuma in ɗaya ta haihu, maƙwabciya ce ke zuwa ta ɗaure mata ciki. Da zanzaro ta haihu, tururuwa ta zo da ƙyallenta, zanzaro ta ce ta gode. Ƙudan zuma ta zo, ta ce ta gode. Ba girman kai ke damunta ba. Ta dubi cikinta ne ta ga ya saki, ya yi zane-zane, ta ce wannan ba mai ganinsa. Sai ta faki ido ta tafi bayan gari, ta ɗaura bakin ƙyalle a jikin tsamiya, ta kama ɗaya bakin ta shiga juyawa. Ta juya, ƙyalle ya naɗu. Ta sake juyawa, ya ƙara kamawa. Ba wanda ke kusa bare ya ce ya isa. Kaka ta tashi tsaye, duk da ciwon gwiwarta, tana juyi a tsakar ɗaki tana nishi, mu muna ta ƙyaƙyatawa. Ta ce har sai da ƙugun ya koma kamar zare, sannan zanzaro ta ƙulle ta dawo gida. Ta ɗauki abinci, ya ƙi wucewa. Ta sa ɗanta a nono, babu ruwa. Ta ce bari ta goya shi, babu wurin ɗaura zane.

Ƙanena Bala ya ce, "Kaka, to ta kwance mana!"

"Ƙullin a baya yake, ɗan nan. Hannunta ba ya kaiwa."

"To ta kira tururuwa!"

"Da wane baki? Ta riga ta ce ta gode."

Kaka ta zauna, ta rage murya. Ta ce shi ya sa har yau zanzaro ke gina wa ɗanta ɗan ɗakin laka, ta sa masa tsutsa a ciki, ta toshe ƙofa ta tafi, don ba ta da abin ba shi a jikinta. Kuma ku lura, ba ta gini a daji sai a bangon mutane. Tana son ta zo kusa. Kukan nan da kuke ji tana yi a kusurwar ɗaki, sallama take son yi, ta rasa ta inda za ta fara. "Nan ta tsaya," in ji Kaka. "Wanda bai ƙoshi ba ya lashi kwano."

Salwa ta miƙe. Ta ɗauki ɗanta ta yi mana sai da safe.

Gari na wayewa ina shara, sai na gan ta tsaye a ƙofar Kaka, ta daɗe ba ta shiga ba. Can ta ce, da Hausa, karo na farko da na ji a bakinta, "Kaka... hannuna ba ya kaiwa."

Kaka ba ta ce ai na faɗa ba. Ta miƙo mini jaririn ta ce in zauna daga ciki in tokare ƙofa. Abin da ya fi burge ni, har gobe ina tuna shi, shi ne ba ta sa Salwa ta tuɓe ba. Babban zane ta lulluɓa mata tun daga wuya har ƙafa, ta zura hannu ta ƙarƙashi, idonta a kan rufin ɗaki, tana aiki da lalube. Da ta ɓalle maƙalan sai Salwa ta ja wani dogon numfashi kamar wadda ta fito daga rijiya. Yatsun Kaka suka ji shatar ƙarfe a haƙarƙarinta, ta ce "Sannu" kawai, ta ƙara mai. Tana naɗawa tana cewa, "Ja numfashi. Ya kama? Ke za ki faɗa mini ya isa, ba ni ba. Jikinki ne." Daga nan ta shiga tambayarta ko tana samun barci, ko jini ya ragu, ko akwai abin da take marmari. A wajen marmarin ne Salwa ta fashe da kuka, ta ce asida irin ta Sudan. Kaka ta ce, "Asida kawai? Tuwo ne fa da ya je yawon duniya. Yau za ki ci."

Cikin 'yan kwanaki ruwan nono ya sauko, zancen gwangwani ya mutu, yaro ya yi kumatu har ba a ganin wuyansa. Mishaddin kuma ba a yar ba. Kaka ta ce a adana shi, kayan kirki ne, lokacinsa ne bai yi ba. Bayan wasu watanni Salwa ta sa shi zuwa wani biki, ta fito tsaf, Kaka na zagaya ta tana guɗa.

Da ina yarinya, na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce kawai, kada a matse ciki da yawa. Sai da na haihu da kaina na gane. Ranar da mace ta sauka, gida kan cika, amma kowa jariri ya zo gani. A ɗauke shi, a juya shi, a yi gardamar hancin wa ya ɗauko, ita kuwa tana gefe kamar tukunyar da aka gama kwashewa. Mai ɗaurin ciki ce kaɗai ke zuwa don uwar. Ƙyallen ma rabinsa hujja ce ta shiga ɗaki kowace safiya a rufe ƙofa.

Yanzu kanti ya cika da ɗamara iri-iri, masu laushi, kowa na iya sa wa kanta, kuma ni ban ga laifinsu ba, 'ya'yana ma su suka sa. Ban gaji hannun Kaka ba, Allah ya jiƙanta, ko ɗankwali ban iya ɗaurawa da kyau ba. Amma in na je barka, nakan yi wa jariri addu'a in miƙa shi, in jira 'yan hira su ragu, in tura ƙofa, in zauna a bakin gado in ce, "To, ke fa?" Wasu dariya suke yi. Wasu kuwa sai na nemo musu hankici.