Wankin Zinariyar da Ya Cinye Garkar Gidanmu

Ni tsohuwa ce yanzu, gwiwoyina ba sa kai ni ko bakin kasuwa, amma lokacin da wannan abu ya faru ina cikin ƙuruciyata, da goyo a baya da wani yaro yana tatata. An kai ni aure wani ƙauye a kwarin Badagishiri, 'yan shekaru bayan Nasara sun bar mana mulki. Gidan mijina ba masu dukiya ba ne, sai dai suna da abin da mutane da yawa ba su da shi, wato garka a bakin fadama mai baƙar ƙasa, da rijiyar da ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Surukina, mahaifin maigidana, shi ya gaje ta, kuma albasarta ce ke rufa mana asiri duk shekarar da hatsi bai kai ba. Ni kuwa abin da aka san ni da shi a gidan shi ne iya rege. In na rege hatsi ko wake, ba wanda zai tauna tsakuwa, har uwar mijina takan yi alfahari da ni gaban baƙi. Ban san wannan hannun nawa ne zai jawo mana abin da ya jawo ba.

Maigidana mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya shan komai. Kamar sauran samarin garin, in an gama girbi yakan tafi bida, wato ci-rani, a Najeriya ya dawo kafin shuka. Wata shekara ya wuce inda ya saba tsayawa, ya nutsa kudu har wani gulbi inda ya tarar da mutane suna wanke yashi suna fitar da zinariya. Ya zauna cikinsu ya koyi aikin. Da ya dawo bai zo da turmin atamfa ba, bai zo da rediyo ba kamar abokansa. Ya kira ni bayan ɗaki da hantsi, ya kwance bakin wandonsa ya fito da wata 'yar kwalba irin ta maganin allura, da wani gari mai ruwan ɗorawa kwance a gindinta. Ya ce mini wannan shi ne guminsa na rani guda, kuma ba zai sayar ba, don baƙin yashin da ya gani a can irinsa ne ke kwance a ƙoramar bayan garinmu. Ya ce abin da ya rage kawai ya sami hannu na biyu, kuma bai ga wanda zai iya kamar ni ba.

A bakin rijiyar garka ya koya mini. Ya zaɓi baƙin akushina na kayan aure, ya goge shi da toka har ya daina santsi, ya ce ko ɗigon mai ya taɓa shi garin zinariya zai taso saman ruwa ya gudu. Sai ya ɗebo yashin ƙorama ya cika akushin, ya barbaɗa ɗan garin nan nasa a ciki ina kallo, ya cakuɗa, ya miƙo mini ya ce in nemo masa. Ana nutsa akushin cikin babban kasko mai ruwa, a murje curin laka da yatsu, a tsince manyan duwatsu a yar. Daga nan a riƙa girgiza shi hagu da dama don mai nauyi ya sauka ƙasa, a ɗan karkata bakinsa ruwa ya lashe na sama, a sake girgizawa, a sake karkatawa, har sai abin da ya rage bai wuce cikin tafin hannu na baƙin yashi ba. Sannan a ɗebi ruwa kaɗan a juya shi a hankali, baƙin yashin ya ja wutsiya, zinariyar ta tsaya a baya tana ƙyalli. Rege ne sak, sai dai a rege na sama kake so, a nan kuwa na gindi. Hannuna ya daɗe yana rikicewa a kan wannan. Sau da yawa nakan karkata da ƙarfi yadda na saba, komai ya zube cikin kaskon, shi kuwa ba ya tsawa, sai ya ce in sake.

Mun yi makonni a haka. Kullum ya barbaɗa, in wanke, ya tsince da jiƙaƙƙen tsinke ya mayar kwalba. Lakar da ta taru a gindin kasko yakan sake wanke ta da kansa, sannan in ɗauka in juye a wani ɗan kwari can ƙarshen garka, gindin wata bishiyar lemun tsami. Na lura garin cikin kwalba yana raguwa, na faɗa masa, ya ce duk mai koyo sai ya zubar, shi ma haka ya zubar da na mutane. Ranar da na fara fito masa da abinsa tsaf cikin wanki ɗaya, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce hannuna ya fi nasa.

Daga nan muka shiga ƙorama. Duk sauran ranin nan yana haƙo yashi daga lungunan da ruwa ke juyawa da gindin duwatsu, yana loda wa jaki, ni ina wankewa a bakin rijiya. Bayana ya riƙe, fatar yatsuna ta tsage, idanuna suka riƙa ganin ƙyalli ko a cikin tuwo. Baƙin yashi kam mun samu, amma babu komai a bayansa. Wani lokaci wani abu yakan yi walƙiya, in na danna shi da farce sai ya ruguje. Mutane suka fara yi mana dariya a ɓoye, mata a wurin daka suna tambayata ko yau an dace. Da damina ta faɗi muka koma gona, kuma na ɗauka maganar ta mutu. Da ta mutu a nan, da yau ba ni da abin rubuto muku.

Bayan girbi ne, muna gyaran fangali za a dasa albasa, na je gindin lemun nan wanke hannu, sai na ga ruwan damina ya share wurin ya bar wani layin baƙin yashi. Hannu ya riga ya saba. Na ɗebo na zuba a akushi na wanke, don wasa kawai. Da na juya ruwan ƙarshe sai ga ƙwayoyi ƙanana kamar garin barkono, suna zaune daram, na danna ba su ruguje ba. Ban yi tunanin komai ba a lokacin, wallahi ban yi ba. Gudu na yi na kira maigidana. Ya duba, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu yana ta hamdala.

Muka yi kwanaki muna wanke wurin, muna tarawa a wata kwalba daban. Ran kasuwa ya hau mota zuwa Birnin Konni ya kai wa wani maƙerin farin ƙarfe. Maƙerin ya gwada ya ce zinariya ce mai kyau, ya kuma ce shi tun da yake bai taɓa jin ta fito a ƙasarmu ba. Maigidana ya ɗauki rabin farko na maganar ya bar na biyu. Da ya dawo ya sami mahaifinsa a garka, ni ina gefe ina ban ruwa, ya roƙe shi ya bar mana ƙarshen garkar mu haƙa. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Ni dai albasa na san ƙasar ga tana badawa. Amma tunda ka gani da idonka, ɗauki kusurwar, kar ka wuce lemun.”

Mun wuce lemun. Da abin ya fara raguwa a sama, maigidana ya ce a can ma haka take yi, sai an bi ta. Ya kira ƙannensa, aka cire bishiyar, aka shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Baƙar ƙasar da kakanninsu suka yi shekaru suna zuba wa taki, ni na wanke ta da hannuna akushi bayan akushi, ta bi ruwa ta tafi. Rijiyar da ke shayar da albasa ta koma shayar da kasko. Labari ya bazu har Tajaye da ƙauyukan Illela, mutane suna zuwa kallo, maƙwabta biyu suka fara tona nasu garake. Matan da ke mini dariya suka dawo suna roƙon in koya musu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan. Ni da ba a jin muryata a gida, sai ga dattawa suna tsayawa a kaina suna kallon hannuna.

Wata rana da azahar ina share ɗaki na ɗauko kwalaben nan biyu, ta koyo da ta garka, na riƙe su a hasken ƙofa. Na dubi gurbin da ya ragu a ta farko, na dubi abin da ke cikin ta biyu, sai na ga kusan daidai suke. Na tuna inda nake juye lakar kasko. Na tuna kuma tun da muka bar gindin lemun ban sake ganin ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da na zubar ina koyo, shi na tsinto. Na sami maigidana cikin rami, ƙasa har gashin ido, na ce ya fito mu yi magana. Na faɗa masa duka. Sai ya ce, “Na ji ki. To da wane baki zan gaya wa Baba? Ki dubi garkar.” Na ce gara a tsaya yanzu, rabi ya tsira. Ya ce ba zai yiwu a ce duk faɗin ƙasar nan babu komai ba, in muka ƙara nutsawa za mu same ta, sannan ba wanda zai san yadda aka fara. Ya koma cikin ramin. Ni kuwa kunyar suruki ta hana ni zuwa wurin tsohon, tsoron bakin mata ya hana ni zuwa wurin uwar mijina. Washegari na ɗauki akushina na koma bakin rijiya, ina wanke ƙasar da na san babu komai a cikinta.

Daminar da ta biyo baya ruwa bai zo ba. Hatsi ya tsiro ya ƙone a tsaye, ta bayanta ma haka. Waɗanda ke da garka a fadama sun sha wuya, amma sun riƙa samun ɗan abin kai wa kasuwa. Mu ramuka muke da su da tsibin tsakuwa, rijiyar kuma laka ta cike ta, gefenta ya rufta. Maƙwabtan da suka bi mu suka daina gaishe mu. An sayar da kwalaben biyu, hatsin da aka sayo bai kai mu ko'ina ba. Surukina bai taɓa faɗa mana baƙar magana ba. Kullum da safe yakan dogara sanda ya je ya zauna a bakin ramukan har rana ta yi zafi, ya dawo. A shekara ta biyu ta farin ya rasu, bai san gaskiyar abin ba. Ƙannen mijina suka watse, wani Malbaza neman aikin lebura, wani Najeriya, ba su sake zama gida ba. Yarinyar da nake goye da ita lokacin koyo ta kamu da ƙyanda jikinta ba ƙarfi, ba ta tashi ba.

Maigidana bai haukace irin na jifa da tsiraici ba. Yana sallarsa, yana gaisawa da mutane. Sai dai ya daina iya yin wani aiki. Da safe ya ɗauki akushin ya tafi ƙorama, wadda ba ta da ko ɗigon ruwa, ya cika shi da busasshen yashi ya zauna yana girgizawa, yana karkatawa, yana dubawa. Na kwashe ɗanmu na tafi Konni ina daka da wanki a gidajen mutane, ina aiko masa da abin da ya samu. In na zo ganinsa yakan tambaye ni ko hannuna bai manta ba. A haka ya yi shekaru har Allah ya karɓi abinsa. Garkar kuwa, da ruwa ya dawo sai ya bi ta ramukanmu ya yanke ta, yau kwazazzabo ne a wurin, ko akuya ba ta samun abin ci.

Abin da ya sa na tono wannan, ina ganin samarin yanzu suna sayar da gona da dabba suna hawa mota zuwa arewa haƙar zinariya, har da jikokina, kuma in na yi magana sai su ce tsohuwa ba ta san zamani ba. Wataƙila a can akwai ta da gaske, ban musa ba. Ni dai abin da na gani shi ne, koyon wankin ba shi da wuya, makonni kaɗan hannu ya faɗa. Tsayawa ce ke da wuya, don duk wanda ya taɓa ganin ƙyallin nan a gindin akushi zai riƙa cewa saura wanki ɗaya. Kuma ranar da mutum ya gane ya yi kuskure, to ranar ya kamata ya faɗa, ko gaban wa ne, tun da sauran abin da za a ceta. Ni na gane da rabin garka a tsaye, na yi shiru. Na roƙi gafarar Allah, ina kuma sa rai da ita. Amma mutumin da ya kamata in durƙusa gabansa in faɗa wa gaskiya ya daɗe a ƙasa, kuma ba ni da inda zan same shi.