Ranar da Aka Tafi da Baba Saboda Irin Doya

Ƙarfe bakwai da kwata na yamma, ranar Laraba, a gidanmu na Bukan Sidi. Mu huɗu ne a bakin murhu: Kaka, Inna, ƙanwata Asabe, da ni. Ina aji huɗu a firamare, zamanin soja. Baba ba ya nan. Da hantsi masu kaki suka buɗe rumbunsa, suka ga irin doyar da ya tanada don shuka, suka ce ɓoye abinci yake yi. Suka tafi da shi da doyar. Ba wanda ya san inda yake.

Tuwo ya huce ba a taɓa ba. Kaka ta gyara itace, ta fara tatsuniya ba tare da ta jira amsarmu ba.

Da farko, in ji ta, an yi wani sarki adali. Ya tara mutanensa ya ce a rubuta abin da sarki ba shi da ikon yi. Suka ce, "Ranka ya daɗe, kai da ba ka zalunci, me za a rubuta?" Wata tsohuwa mai dafa gishiri a Keana ta ce, "Ku rubuta. Ba don shi ba, don wanda zai hau gadon a bayansa." Aka yi mata dariya. Sannan sarki ya rasu. Sannan ɗansa ya hau, ya fara kama mutane. Duk wanda ya tambayi dokar da ya taka, sai a ce masa, "Tana bakin sarki."

"Sai kuma me, Kaka?" in ji Asabe.

"Sai me kuwa, uwar tambaya? Nan ta tsaya."

Inna ta ce, "Haba Iya, yau ne ranar wannan?"

Kaka ta ce, "Yau ce. Da masu kakin suka tilasta wa mai shagon can ya karyar da farashin sabulunsa, wa ya fi mijinki tafi?"

Inna ta sunkuyar da kai.

Baba ya dawo bayan kwana tara. Ba alƙali ya gani ba. Wani babba a cikin masu kakin ne ya dube shi ya ce fuskarsa ba ta ɓarayi ba ce. A waccan shekarar gonarmu ta kwana babu doya.

Na daɗe ina ɗauka kamun ne abin tsoro. Yanzu sakin ya fi hana ni sukuni. Da mutumin ya tashi da ciwon kai ran nan, da ban sake ganin ubana ba, kuma babu takardar da za mu ɗaga.

Mai karatu, ga roƙona. Ranar da mai iko ya taka wani ba bisa doka ba, kai kuma abin ya yi maka daɗi, kada ka tafa. Ka tambaye shi inda aka rubuta.