Gansakukar Dutse

A shekarata ta ƙarshe ta koyon aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a Garwa, na zaɓi in yi bincike kan gansakukar dutse, busasshen ƙanzon nan da ke manne wa duwatsu da itatuwa. Ina yarinya, wata tsohuwa 'yar kan dutse, Kirista, da ke kawo wa mahaifiyata wake, ta taɓa barbaɗa mini garinta a miki, ya kame. Na so in san ko da gaske tana kashe ƙwayoyin cuta.

Na kankaro ta daga itatuwan bakin kogin Binuwai, na shanya a inuwa, na daka, na jiƙa a sinadarin alkol kwana uku, na tace. Na shuka ƙwayoyin cuta iri biyu a faranti, ta maruru da ta ciwon ciki, na ɗora 'yan takardu da na tsoma a ruwan. In akwai magani, za a ga fili kewaye da takardar, inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa. Sau biyu ban ga komai ba.

Malamina ya ce, "Ki koma kan darbejiya, kowa ya san tana aiki. Lokaci na tafiya."

"Malam, a ba ni wata ɗaya."

Ya ce, "Ɗaya tak."

Na shiga mota zuwa Maruwa, daga nan na hau moto, wato babur, har ƙauyen tsohuwar. Ta murza abin da na kawo, ta shinshina.

"'Yata, wannan ta itace ce. Tawa rawaya ce, a kan dutse take."

"Ki nuna mini wurin, Mama."

Muka hau tare, tana gaba da sandarta, ni ina haki. Ta hana ni kankare dutse ɗaya duka, wai sai ta yi shekara da shekaru kafin ta sake fitowa.

A gwaji na uku, da safe na ɗaga farantin sama wajen taga. Ga fili nan, siriri, kewaye da takardar, amma a kan ƙwayar da ke kawo maruru kaɗai. Ta ciwon ciki ko gezau. Na maimaita sau huɗu kafin na kira Malam. Ya auna da rula da kansa, ya ce wannan bai zama magani ba tukuna, sai an san ko tana cin fata. Na ce na sani. Na jawo kujera, na tambaye shi yadda ake wannan gwajin.