Tabon da Babu Shi a Kujerar Malama

Ni na raɗa masa suna Alƙali, sunan kuma ya bi shi har masu kawo masa mota suka manta yana da wani. Dalili kuwa, ba ya taɓa kujera sai ya gama yi wa mai motar tambayoyi. Tabon mene ne wannan? Yaushe ya zuba? Me kuka shafa masa kafin ku zo? Idan mutum ya rantse bai shafa komai ba, sai Alƙali ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, kananzir dai ba da ƙafarsa ya hau motar nan ba." Na sha ganin manya masu tumbi suna sosa ƙeya a gabansa.

Rumfarsa tana jikin tawa, can ƙarshen gareji, inda katanga ta tsage. Ni faci nake yi, shi kuma yana fitar da tabo daga kujerun mota na fata. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, don haka Yaya nake ce masa idan muna mu biyu. Shi Rediyo yake kirana, wai ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare.

Ubansa baduku ne, a cikin warin fata ya buɗe ido. Ya fara da gyaran takalma, daga baya wani mai ɗinkin kujerun mota ya ja shi, a can ya gane cewa rabin kujerun da ake kawowa a sauya ba su mutu ba, dauɗa ce kawai ta rufe su. Aure ɗaya ya yi. Matar ta rasu ta bar masa 'ya guda, bai ƙara ba. Na ce masa ko don a riƙa yi masa faɗa ya kamata ya ƙara. Ya ce ai yana da ni.

Kayan aikinsa duka a wani tsohon akwatin ƙarfe suke: fararen tsummoki da yake yankowa daga tsofaffin singileti, buroshin haƙori uku da suka yi laushi, sabulu marar ƙamshi, gwangwanin garin alli, ƙullin auduga, kwalbar sifirit, sai man fata da yake haɗawa da kansa, wanda bai taɓa gaya wa kowa abin da ke ciki ba. Na ce ranar da ya mutu zan lasa in gano. Ya ce in lasa tun yanzu, ko harshena ya yi laushi.

"Fata ba a dirza ta," haka yake cewa. "Lallashinta ake yi." Maiƙo, ya barbaɗa masa alli ya bar shi ya kwana, allin ya tsotse shi. Shayi, kumfar sabulu a kan tsumma mai ɗumi, kumfar kawai ban da ruwan. Gumin da ya baƙanta majinginar kai, buroshi a hankali, zagaye-zagaye. Abin da ya fi tsoro shi ne tawadar biro, don ita sai sifirit, shi kuwa sifirit bai san bambancin tawada da launin kujera ba. A ɗiga kaɗan a kan auduga, a dangwala, a duba audugar. Muddin launin biro ne ke fitowa, a ci gaba. Da zarar launin kujera ya fara bin audugar, a tsaya cak. Wannan aikin ido ne tsantsa, idon kuwa shi ya fara guduwa ya bar shi.

Ban lura da wuri ba, don hannunsa da hancinsa sun rufa masa asiri. Maiƙo yana jin sa da ɗan yatsa, shayi yana danƙo, gumi yana wari. Tawadar da ta bushe ce ba ta da tudu, ba ta da wari. Wata rana ya gama wata mota, ya shafa mai, ya rufe ƙofa. Na leƙa don in ga abin tsokana, sai ga layin shuɗin biro tsawon ɗan yatsa a tsakiyar kujerar baya, yana kallona.

"Yaya, wannan ka bar wa mai motar ne tsaraba?"

"Wanne?"

Na nuna masa. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa fatar, ya shafa tafin hannu a wurin, can gefen layin. Sannan ya zauna a kan akwatinsa.

"Rufe ƙofar, Rediyo. Bakinka ma ka rufe, in yana rufuwa."

Ya ce ya je asibiti tun bara. Likita ya ce jijiyar idon ce ke bushewa, maganin ɗigawa yana rage mata gudu ne kawai. Yana ganin mota, yana ganin mutum kamar a cikin hayaƙi, amma layin biro ya fi ƙarfinsa. 'Yarsa ba ta sani ba, don ranar da ta sani za ta kwashe shi zuwa gidan mijinta. Mai gareji bai sani ba, ga shi ƙanin matarsa ya daɗe yana zagaya rumfar nan da ido, yana son kafa injin wankin mota.

"Wa zai ba makaho farar kujera?" in ji shi. "Ni kuma in ba wannan ba, me na iya? In zauna a ƙofar gidan suruki ina korar kaji?"

A nan ne bakin nan nawa ya yi amfani karo na farko tun da aka haife ni. Da ma al'adata ce, duk motar da ta shigo sai na zura kai na tsokani mai ita, kowa ya san da haka. Sai muka mayar da tsokanar ta zama ido. In na ga tawada sai in ɗaga murya: "Oho, mai zaman banza ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa da shuɗin biro, yatsa biyu daga ɗinkin hagu, ita ko amsa ba ta ba shi ba." A yi dariya, mai mota ya yi dariya, Alƙali kuma ya ji: kujerar gaba ta gefen direba, shuɗi, yatsa biyu daga ɗinki. In ya fara dangwalawa sai in tsaya a kansa da kofin shayi ina zuba surutu, idona a kan audugar. Da launin kujera ya fara leƙowa sai in ce, "Kotu ta tashi." Ya janye hannu.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada in ambaci biro a gaban mota sai in akwai biro. Na ce wannan ai da sauƙi.

Shekara biyu muka yi a haka. Makanikai suna cewa tsufa ya ƙara wa Alƙali gwaninta, ni kuma ya ƙara mini rashin aikin yi.

Akwai wata shugabar makaranta da ke kawo masa mota, Malama kowa ke ce mata. Motar ta kai shekara ashirin, kujerunta launin madara, tana ji da su kamar 'ya'yan fari. Ni da ita ba ma haɗuwa mu rabu lafiya, don ta taɓa tsayawa a gaban allon rumfata ta gyara mini rubutu da jan biro. Ran nan ta kawo motar da hantsi, jikarta ta zubar da shayi a kujerar baya. Direbobi da makanikai sun cika benci, mai gareji ma yana nan. Tana fitowa ta dubi allona.

"Mai faci, har yanzu ba ka gyara ba? Tayar ma da ka rubuta ta fi waɗanda ake kawo maka sacewa."

Benci ya fashe da dariya, kuma a kaina. Wanda bai taɓa zama mai barkwanci ba ba zai san zafin wannan ba. Kafin in yi tunani baki ya riga ya tafi.

"Malama, ke ai ko kujerar da kike zama ba ta tsira ba. Nan gefen da kike shiga ma kin ba ta sifili da jan biro, wai ba ta iya gaisuwa ba."

Dariya ta dawo gidana. Malama ta girgiza kai tana murmushi, ta ce za ta dawo ƙarfe huɗu, ta tari tasi. Ni kuwa ko cikin motar ban leƙa ba. Ina cikin jin daɗin nasarata aka zo aka ce wata babbar mota ta fasa taya biyu a bakin titi. Na kwashi kaya na bi su.

Abin da ya faru a bayana daga baya na haɗa shi. Alƙali ya ji kujerar direba, gefen shiga, jan biro. Ya gama da shayin, ya zauna jirana. Azahar ta wuce ban dawo ba, kuma babu wanda zai ce wa zo ka duba mini. Da uku ta gota ya buɗe kwalbar sifirit. Ban ba shi awo ba, sai ya bi gefen kujerar yana dangwalawa, yana ƙirga adadin da muka saba. Wurin nan kuwa shi ne inda Malama ta shekara ashirin tana gogawa in za ta shiga, fatar ta siɗe, launin da ƙyar yake riƙe.

Kusan tare muka iso da Malama. Ƙofar direba a buɗe, a gefen kujerar ga wani fili toka-toka, faɗin tafin hannu.

"Baba, me ya sami kujerata?"

"Jan biron ne ya kama sosai, Malama. Na yi iya yina."

"Wane jan biro?"

Alƙali ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji takuna, ya tsaya a haka. Ni da ban taɓa rasa amsa ba, ni da na taɓa sa mutane dariya a wurin zaman makoki, na tsaya riƙe da ƙarfen cire taya, bakina kamar an yi masa faci.

Malama ta shekara talatin tana gane yaron da ba ya hango allo. Ta dubi idonsa da kyau. Ta zaro makullin daga jikin motar, ta miƙa masa ta gefen hagu ba tare da ta ce komai ba. Bai motsa ba. Ta ce, "Karɓi, Baba." Ya miƙa hannu saitin muryarta, ya damƙi iska.

"Ba na gani, Malama," ya ce. "Shekara biyu ke nan, har da ɗoriya. Ki yafe mini kujerarki."

Bai ambaci sunana ba, ranar ko bayanta.

Ta ce ya bar zancen kujera, Allah ya ba shi lafiya. Amma mai gareji ya ji, direbobi goma sun ji, direba kuwa bai san a bar magana ta kwana ba. Kafin mako ya zagayo motoci sun ɗauke ƙafa. 'Yarsa ta zo da mijinta, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ɗora akwatin ƙarfen a bayan mota, ta tafi da ubanta. Yanzu injin wanki ne a rumfar, yana fesa mini ruwa a kan tayoyi.

Amsar da ya kamata in ba Malama ta zo mini a hanyar gida a ranar da abin ya faru, ina tsaye ina jiran mota. Da na ce ni ne. Da na ce na ɗora gwangwanin gam ɗin faci a kan kujerar ya ɗiga, Alƙali yana rufa mini asiri ne da zancen biro. Da Malama ta wanke ni tas, da benci ya samu abin dariya na wata guda, da ba wanda ya dubi idonsa. Sa'a biyu kacal ta makara.

Sai da na yi wata uku kafin na iya zuwa gidan surukinsa. Na same shi a ɗakin da ke kusa da ƙofa, a kan tabarma, an yi masa aski, an sa masa riga mai guga. Hannayensa sun yi fari, babu ko ɗigon mai a farce. Bai san inda zai ajiye su ba, yana ta shafa bakin tabarmar.

"Yaya."

"Wa ya kunna rediyon nan? Shigo. Batir ne ya yi sanyi, na ji ka ƙasa-ƙasa?"

Na zauna na zazzage masa komai, har ƙaryar da ta zo mini a makare. Ya saurara kamar yadda yake sauraren masu mota. Ya tambaye ni wane irin gam ne, na gwangwani ko na matsawa. Na ce na gwangwani.

"Da ba ta ci ba," ya ce. "Gam ɗin faci baƙin tabo yake bari, ya yi ɓawo. Malama ba yarinya ba ce. Da ka ƙara mana kunya ne kawai. Bar shi, ƙanena. Da ma ranar tana tafe, ko da kai ko ba kai."

Na fito da sauƙi a ƙirjina, har na tsokani mai tasi a hanya.

Sauƙin bai yi mako ba. Akwai wata tsohuwar kujera mai launin madara da aka yar a bayan gareji. Wata safiya kafin mutane su taru na ɗiga mata gam ɗin a inda ta siɗe, na bar shi jim kaɗan, na goge da tsumma. Babu baƙi, babu ɓawo. Toka-toka ya bari, sak irin na kujerar Malama. Mutumin da ya shekara arba'in a kan fata ba zai kasa sanin haka ba.

Ina zuwa wurinsa duk ƙarshen mako, in ba shi labarin gareji, in ƙara gishiri, ya yi dariya har ya share ido. Ban gaya masa na gwada ba.