Hanyar da na kankare a bangon Inna

Ni magini ne, kuma a zamaninmu wanda ya iya ɗora tubali bai iya yi wa bango ado ba, mai kwaɓa ƙasa ake ce masa. Na yi zane a zauruka da yawa tsakanin Gumel da Ɗanzomo. Yawancinsu damina ta cinye, ko a jikina. Guda ɗaya ne nake nadama a kansa har yau, shi kuwa ba ruwa ne ya ci shi ba, ni na kankare shi da hannuna.

Babanmu farke ne, yana sauko da kanwa daga Damagaram ta Maigatari. Ba a daɗe da zuwan Nasara ba ya ce ƙasar ta yi masa ƙunci, ya ɗauki sanda da gora ya nufi gabas, zai tafi aikin hajji a ƙafa. Ya ce da Inna shekara bakwai, in Allah ya yarda. Ni ne auta, lokacin na fara bin magina.

Inna ba mai kuka a gaban mutane ba ce. Abin da take yi shi ne ta tura ni kasuwar Maigatari in bi zangon fatake ina cigiya. Da ƙyar aka sami wanda ya ce ya gan shi a Barno yana ɗinkin hula, yana tara guzuri. Ranar da na kawo wannan labari ina cikin yi mata yaɓen ɗaki ne, sai ta ce, "Auta, sa min Barnon nan a bango, in san inda babanku yake." Na murza ƙasa kamar igiya, na manna ta daga bakin ƙofa zuwa saitin gadonta, na ɗora ɗan tudu a ƙarshe. Shi ke nan Barno ta samu.

Daga nan duk labarin da ya zo sai hanya ta ƙaru. Matsalar ita ce Inna gwanar tatsuniya ce, kuma tun da take ba ta taɓa wuce Gagarawa ba, don haka inda bakin fatake ya tsaya sai ta cike da nata. Da aka ce ya kai tafkin Cadi, ta sa na yi mata kifin da ke haɗiye kwalekwale ya je ya amayar da shi a ɗaya gaɓar. Da aka ce ya shiga rairayi, ta ce a nan ne tsuntsun da ke surar raƙumi yake.

"Inna, wannan ai tatsuniya ce," na ce.

"To kai ka je ka gani?"

Malamin da ke maƙwabtaka da mu ya ji labari, ya aiko cewa siffar mai rai ba ta dace da ɗakin da ake salla ba. Muka sasanta, na bar dabbobin ba ido ba baki. Inna ta ce ai gara haka ma, kada kifin ya hango babanku.

Ƙarƙashin hanyar kuma nata aikin ne. Duk jikan da aka haifa, ranar suna sai in jiƙa mata wuri ta danna babban yatsanta. Wanda ya koma, ta cike gurbinsa da farar ƙasa. Ta ce in babanmu ya dawo ba sai ta yi ta bayani ba, ya duba ya ƙirga. A shekarar yunwa gurbi uku ta cike.

Labari ya tsaya a ƙasar Wadai, can gabas da tafkin Cadi. Shekara bakwai ta cika, goma ta wuce, ba wanda ya ƙara cewa ya gan shi. Ana haka yanar ido ta rufe wa Inna gani, sai ta koma karanta bangon da hannu. Kullum da hantsi in ta sha koko, sai ta kama hanyar daga bakin ƙofa, ta bi ta kan kifi da tsuntsu, ta tsaya a Wadai ta yi addu'a, sannan ta sauko ta bi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Har ƙasar ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda shafa.

Sai na tafi cin rani Kano, na yi aiki a gidajen masu sayen gyaɗa. A can na ga bango shafaffe sumul, an zana shi da bula da jan garura, yana ɗaukar ido tun daga nesa. Na dawo Gumel da ƙunshin kala da kai ya fi tulu girma. Da na shiga ɗakin Inna kunya ta kama ni. Aikin yarinta ne, hanya a karkace, kifin nan ba ka bambanta shi da ƙosai. Na ce a raina, a ce ɗakin uwar gwani ne wannan?

Aka yi dace ƙanwarta ta aiko daga Gagarawa, 'yarta ta haihu, Inna ta je ta zauna musu har a yi arba'in. Ni na ɗora ta a kan jaki da hannuna, ni na kama mata linzami saboda ba ta gani. Amma wallahi da na dawo na ɗauki fartanya, ko sau ɗaya wannan bai faɗo min a rai ba.

Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, da ka bari ta dawo ka tambaye ta."

Na ce, "Ke me kika sani a zane? Je ki duba tukunyarki."

Kafin azahar na kankare bangon tas. Na yi sabon yaɓe, na goge shi da dutse har ya yi sumul, na kwana bakwai ina zane. Hanya shuɗiya miƙaƙƙiya, tafki da taguwar ruwansa, kifi kamar ya yi motsi. Ban tsaya a Wadai ba, na ja hanyar har Makka. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna sa albarka, ina ta washe baki.

Ranar da ta dawo na ja ta har ɗakin, zuciyata fari ƙal. Ta miƙa hannu inda hanya take farawa. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta matsa gaba ta sake shafawa. Ko'ina sumul, hannunta bai ci karo da komai ba.

"Auta, ɗakin wa ka kawo ni?"

Na shiga zuba kamar kanya, ina gaya mata shuɗi a nan, ja a can. Na ce, "Har Makka na kai shi, Inna."

"Kai ka kai shi. Ni a Wadai na bar shi." Ta sunkuya ta lalubi ƙasan bangon. "Yaran fa?"

Na durƙusa na ce ta yi haƙuri, gobe-goben nan zan mayar da komai yadda yake, na san wurin kowane tudu. Ta girgiza kai.

"Hanya ka iya mayarwa. Yatsan da na danna ranar sunan waɗanda suka koma fa, yau zan sake danna musu?"

Ta zauna a bakin gado, sannan ta tambaye ni ƙasar da na kankare, ina na zuba ta. Magini ba ya zubar da ƙasa mai kyau. Na riga na jiƙa ta, na kwaɓa da ciyawa, na yaɓe rumbun geron da ke tsakar gida. Haka na gaya mata, kaina a ƙasa.

"Kai ni," ta ce.

Damina biyu ta ƙara a duniya, ba ta sake taɓa bangon ɗakinta ba. Da hantsi sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin rumbun, ta jingina, ta ɗora tafin hannunta a jikinsa. Baƙi suna zaton inuwa take bi. Ni kuwa in na fito zan tafi aiki sai in bi ta bayan ɗaki, don ba na iya wucewa ta gabanta.

Ta rasu ba ta ce ta yafe min ba, domin ba ta taɓa cewa na yi mata laifi ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai.